Alƙalin Wasan da Ba Ya Duban Ɗan Fari

Wani ne a Tawa, shekarun nan da aka samu mulkin kai, ba abin da yake so a duniya kamar a rataya masa usur a wuya. Shekara shida yana hidimar filin ƙwallo. Shi ke zuba toka ya ja layi, shi ke hura ƙwallo da famfon keke, shi ke korar awaki kafin a fara wasa. Dokoki kuwa ya haddace su tsaf. Amma ko sau ɗaya ba a taɓa ce masa "ungo, busa" ba, kuma abin yana ci masa rai ƙwarai.

Ran nan samarin garin Barmu za su zo su kara da samarin Tawa, sai kurkunu ya kama alƙalin wasa a ƙafa, ko tsayuwa ba ya iyawa. Malamin lakwal, wato makarantar boko, mai kula da wasanni, wanda ake ce wa Mushe Adamu irin kiran Faransanci, ya nemi mai busa ya rasa. Dole ya kira mutumin naku.

"Ga usur," in ji Mushe. "In ka yi aiki mai kyau yau, ya zama naka, har da baƙar riga da gajeren wando. In ka ɓata, ka koma ma tokarka."

"Mushe, ka gama magana."

"Kuma wani ɗan radiyo ya zo daga Yamai da akwatin ɗaukar murya. In an tashi, zai yi maka tambayoyi."

Murna kamar ta kashe shi. Ya ruga kasuwa wurin abokinsa Rissa, Buzu mai ɗinkin takalma, ya ba shi labari. Rissa ya ajiye basilla ya dube shi.

"Busa dai ka busa, amma radiyon ga kak ka yarda. Ka taɓa ganin alƙali ya yanke hukunci, kuma ya tsaya bakin ƙohwa shina ba mutane dalili? Ka busa, ka tahi gida."

"Haba Rissa! Muryata ta tahi har Yamai, har Damagaram, ka ce in yi kurum? Mi niƙ ƙi hwaɗi? Ni ban da abin ɓoyo."

To, akwai abu ɗaya da Mushe Adamu bai sani ba. Gwanin cin ƙwallon Tawa, saurayin nan mai dogayen ƙafafu, ɗan farin mutumin ne. Ba laifin Mushe ba ne, don mutumin bai taɓa nuna ya san yaron ba. Kunyar ɗan fari kowa yana yi, amma tasa ta wuce ta kowa. Shekara goma sha tara bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa dubansa a gaban mutane ba. In sun haɗu a hanya, sai ya tsaya yana duba takalminsa har yaron ya wuce. Ni dai ba ɗan farina ba ne, don haka zan faɗa muku: sunansa Sa'idu.

La'asar ta yi, fili ya cika maƙil. Mutumin ya shigo da usur a baki, yana taku ɗai-ɗai. Yana waiwayawa sai ya ja ya tsaya. Ga surukinsa Malam Ciɗo, uban matarsa Rakia, ya hawo jaki tun daga ƙauyen Bambai don ya ga jikansa. Ya shimfiɗa buzu daidai bakin layi, ya harɗe.

Aka fara wasa. Wallahi da farko ba a taɓa ganin alƙali irinsa ba. Ya bi ƙwallo nan, ya bi ta can, ya busa inda ya kamata. Mushe Adamu har yana gyaɗa kai.

Sai ƙwallo ta zo ƙafar Sa'idu. Nan take alƙali ya juya ƙeya, ya ɗaga kai yana kallon wata shirwa a sama. Ƙwallo ta bar ƙafar yaron, alƙali ya juyo ya ci gaba da aiki. Ta sake komawa, ya sake juyawa, wannan karon yana ƙirga awakin da ke bayan fili.

Mutanen Barmu ba wawaye ba ne. Wani ƙato mai tsaron bayansu ya lura. Da Sa'idu ya taho da gudu, sai ƙaton ya sa masa ƙafa, yaro ya yi adungure sau biyu. Fili ya ɗauki ihu.

"Alƙali! Busa! Sun kashe shi!"

Alƙali yana can yana gyara mazagin wandonsa. Aka ja wa Sa'idu riga, shiru. Aka hau bayansa, shiru.

To shi ma Sa'idu ɗan ubansa ne, ya san halin kayansa. Da ya ga haka, sai ya daina jin haushi. Ya buga ta farko ta shige, ya buga ta biyu ta shige. A ta uku ma bai wahalar da ƙafarsa ba, ya sunkuya ya ɗauki ƙwallo da hannu, ya cusa a hammata, ya ruga da ita har cikin gidan Barmu ya ajiye. Kowane karo 'yan wasa su jira usur, su gaji, su kai ƙwallo tsakiya da kansu su ci gaba. Can kusa da tashi Barmu suka ci ɗaya. Wannan kam alƙali ya gan ta da idonsa biyu, ya busa har jijiyar wuyansa ta tashi.

Lokaci ya cika. Alƙali ya tsaya a tsakiyar fili ya ɗaga murya.

"Barmu guda, Tawa babu!"

Fili ya kacame. 'Yan Tawa suna rantsuwa uku suka ci. 'Yan Barmu suna murna, amma suna neman a hukunta mai hammata. Cikin wannan hayaniya ɗan radiyo ya ratso da akwatinsa a kafaɗa, ya miƙa wa alƙali abin magana a baki. Aka kewaye su. Malam Ciɗo ma ya matso da sandarsa.

"Malam alƙali, jama'a sun ce Tawa ta ci uku. Kai ka ce babu. Yaya aka yi?"

"Ni abin da nig gani shi nib busa. Guda nig gani."

"Sauran ukun fa?"

"Na dai ji ana ihu."

"Kana ina lokacin?"

"Ina nan cikin hili. Huskata ce ba ta nan."

Ɗan radiyo ya duba akwatinsa ya ga faifai yana juyawa, ya sake matsowa.

"To masu saurare za su so su san wanda ake cewa ya ci. Wane ne shi?"

Mutumin ya hau duba takalminsa.

"Wani yaro ne."

"Ka san shi?"

"Ina dai ganin takalmanshi ƙohwar gidanmu."

"Ɗan wa ne?"

"Ɗan wata mata ne."

"Wace mata? Yaya sunanta?"

Ita ma uwargida ce, ba ya kiran sunanta. 

"Ɗiyar wani dattijo ce."

"Wane dattijo?"

Ga dattijon nan tsaye taku uku daga wurinsa, kuma wa ya isa ya ambaci sunan surukinsa? Mutumin ya sunkuyar da kai, ya nuna shi da gwiwar hannu. Wani daga cikin taro ya kasa daurewa.

"Mai radiyo, ɗan hwarinai ne! Kunya shikai!"

Dariya ta ɓarke, har 'yan Barmu suna faɗuwa ƙasa. Mushe Adamu bai yi dariya ba. Ya ratso ya tsaya a gaban alƙali.

"Saurara. Ga akwati yana ɗauka, ƙasa duka za ta ji. Ka ce ka ga biyun nan na ƙafa, ka faɗi sunan wanda ya ci, a rubuta Tawa biyu, Barmu ɗaya. In ka yi, usur naka ne. In ba ka iyawa, miƙo."

Bawan Allah ya dubi usur. Shekara shida yana jiran ranar nan, ga shi ko rigar bai gwada ba. Ya saci kallon ƙafafun surukinsa. Idonsa ya ciko da hawaye, ya cire usur daga wuya ya damƙa wa Mushe, sa'an nan ya kama abin maganar da hannu biyu.

"Mutanen Yamai, mutanen Damagaram, ku shaida. Na rasa usur, amma tunda anka haihi yaron ga ban taɓa ɗora ido bisa gare shi cikin mutane ba, kuma ba yau za ni hwarawa gaban surukina ba."

Ya je ya durƙusa a gaban Malam Ciɗo, kai a ƙasa, yana jiran a sa masa albarka. Dattijo bai ko kula shi ba. Ya yafuto ɗan radiyo da sanda.

"Yaro, akwatin naka shina ɗauka har yanzu?"

"Yana ɗauka, Baba."

"To tambaye mini marar kunyar ga. Shi da ba ya duban yaron, ƙaƙa yas san duk lokacin da ƙwallo taz zo ƙahwatai, har shi juya huska?"