Ranar da na ɗaga suna zuwa sha biyun rana

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe min komai, da ranar sunan ɗan ƙanena Sabi'u a Kademi. Shi Sabi'u yana Jidda yana aiki a wata masana'anta da ba a shiga da waya, sai a hutun rabin awa. Haihuwarsa ta fari ce, ga shi bai cika shekara da tafiya ba. Ya roƙe ni abu guda: ya ga taron ta bidiyo, ya faɗi sunan da bakinsa.

"Yaya, ƙarfe goman safe na nan nake fitowa hutu. Don Allah ka daidaita da lokacinku."

Na ce ya kwantar da hankalinsa. (Ni fa malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Gaya, bambancin lokaci duk zango sai na koyar da shi.) Awa biyu ce tsakaninmu da Jidda. Goma a ƙara biyu, sha biyu. Shi ke nan, ko biro ban ɗauka ba.

A garinmu da sanyin safiya ake raɗin suna, a raba goro, kowa ya wuce gona. Ni kuwa na bi gida-gida na ce an ɗaga zuwa sha biyu. Liman ya dube ni ya ce, "Sunan rana tsaka, Malam?" Na ce zamani ne ya zo da haka. Wayata, wadda ita kaɗai ce babba a gidan, na kashe ta na kai shagon caji tun asuba don kada ta ba ni kunya.

Sha biyu saura, ƙofar gida ta cika. Ga rago a ɗaure, ga wanzami yana hamma, mutane sun baro shuka suna ta fifita da hula. Don in ɗebe musu kewa na shiga lacca: mutanen Jidda da agogo suke tafiya, minti ɗaya ba ya kuskure musu, mu kuwa in aka ce "bayan azahar" sai a ga mutum da la'asar sakaliya. Har da nuni da yatsa, wallahi.

Na karɓo wayar daga shagon caji, na kunna ta, na kira Sabi'u. Shiru. Na sake kira har sau biyar.

Sai Baffa Jauro, yayan mahaifinmu, wanda kiwon shanu ya sani bai taɓa shiga aji ba, ya yi gyaran murya.

"Ɗana, ni ban yi boko ba. Amma da na je aikin Hajji, in na idar da magariba na kira gida, cewa suke yanzu suka yi la'asar. Ai su ne a gabanmu, ko?"

Innalillahi! Goman Jidda takwas ɗinmu ce. Ragewa ake yi, ni na ƙara. Gumi ya wanke ni har cikin takalmi.

Sai a lokacin na lura da saƙon murya da ya shigo tun takwas da rabi. Liman ya ce in kunna kowa ya ji.

"Yaya, na yi ta kira ban samu ba, ga shi an ce mu koma aiki. Ba komai, Allah bai nufa zan gani ba. A sa masa sunanka."

Muryarsa na rawa. Ni ma ban san sanda hawaye ya zubo min a gaban jama'a ba. Ko mutum ɗaya bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi min ciwo.

Dariyar daga baya ta zo. Da yake uwar yaron ba za ta iya kiran sunan yayan mijinta ba, sai mata suka laƙaba masa Ɗan'azahar, kuma ya bi shi har yau. Yanzu in zan sa wa wani lokaci, ko na tashin motar Ajingi ne, sai na fara tambayar wanda ya taɓa zuwa.