Ranar da Aka Sauke Ni daga Motata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na raka 'yata Asma'u gwajin tuƙi. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

An yi mini canjin wurin aiki zuwa wata jiha, tafiya ta matso. Mahaifiyarta na sayar da kifi a kasuwar Kado, ga ciwon ƙafa da ya hana ta taka birki. Asma'u ta cika sha takwas, shekarun da doka ta yarda a ba mutum lasisi. In ta ci gwajin, ita za ta riƙa kai uwar kasuwa da asibiti. In ta faɗi, zan tafi in bar mota a ajiye, matata kuma tana fama da hawan Keke Napep.

Dole ta shiga makarantar koyon tuƙi, don sai da shaidarsu ake yi wa mutum gwaji. Amma ni na raina su. Duk Asabar nakan fita da ita in "gyara" abin da suka koya mata. (Na fi shekara ashirin ina tuƙi a Abuja, wa zai gaya mini?) Babban darasina shi ne: in kin zo mararraba za ki miƙe, ki kunna sigina biyu, hagu da dama su riƙa ƙiftawa tare. Ta ce, "Baba, malaminmu ya ce wannan ta motar da ta lalace ce." Na ce malamin nata bai san titi ba.

Ranar gwaji aka haɗa mu da wata jami'a 'yar Filato, Hausarta ba ta nuna ba, kuma ba ta dariya. Na roƙe ta in zauna a baya.

Ta ce, "Oga, ka zauna, amma ba magana."

Na ce wallahi ko tari ba zan yi ba.

Asma'u ta ɗaura bel, ta duba madubi, ta tayar da mota. Ina ganin gumi na bin wuyanta ta ƙasan mayafi. Ni kuwa ƙafata sai taka birkin da babu take yi. Muka sha kwana lafiya, muka wuce wata tirela lafiya. Sai ga mararraba, jami'ar ta ce a miƙe.

Na jira Asma'u ta kunna sigina biyun. Shiru. Na yi gyaran murya. Idonmu ya haɗu a madubi, ta ɗan girgiza kai. Zuciyata ta ce shi ke nan, yarinyar nan ta ruɗe, za ta faɗi a kan abin da na fi nanata mata. Ban san lokacin da na zura hannu ta tsakanin kujeru na danna jan maɓallin nan mai kunna sigina biyu ba.

Ƙit, ƙit, ƙit. Motar ta yi tsit, sai ƙarar sigina.

Jami'ar ta ce, "Faka a gefe." Asma'u ta faka.

"Mota ya lalace ne?"

"A'a, Madam."

"To wane ne ya koya miki wannan?"

Asma'u ta sunkuyar da kai. 'Yar halak, ta ƙi tona ni, alhali lasisinta ne a bakin faɗuwa. Tausayinta ya kama ni, kunya ta rufe ni. Na ce da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba, "Ni ne. Ita ta ce mini ba haka ba ne."

Jami'ar ta juyo ta dube ni daga hula har takalmi. "Oga, sauka."

Na sauka. Suka ja mota suka bar ni a bakin titi cikin babbar riga, rana na dukana, wani mai lemo yana tambayata ko 'yan wan-cans, masu fashi a mota, ne suka yar da ni. Na taka da ƙafa har ofishin, ina addu'ar kada laifina ya shafe ta.

Na tarar da Asma'u a tsaye jikin mota, tana ta ƙoƙarin danne dariya. Jami'ar ta ce, "Yarinya ya ci. Kai ne ban sani ba ko za ka ci."

Abin da na koya: in ɗanka ya ce malaminsa ya ce, ka saurara tukuna. Yanzu duk ranar da na zo hutu Asma'u ta ɗauko ni daga tasha, a baya nake zama, in kuma zauna a kan hannayena.