Ranar da Na Katse wa Kakata Magana

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na katse wa kakata magana a gaban surukaina ba, alhali ta yi shekara da shekaru a kabari. Har yau idan na ɗauki rimot a shago zan gwada wa mai saye talabijin, sai ranar ta faɗo min a rai.

Ni ɗan kasuwa ne. Talabijin nake sayarwa a Jimeta, da janareta da kayan sola, kuma ba gadonsu na yi ba. Da tiren batir da tocila na fara a bakin tasha. Ina da ƙa'ida guda da nake taƙama da ita: ba na karɓar kaya sai na buɗe kwali, na jona wuta, na gani da idona. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Asalinmu wani gari ne can arewacin jihar, a gindin duwatsu. Gidanmu na da tsohuwar tsamiya a tsakar gida, kuma duk gabanin damina shamuwa ke zuwa ta cika ta da sheƙa. A gidan nan aka haifi mahaifina da ƙaninsa, Bappa Sale, malamin firamare. Ina yaro Bappa ya sayar da babur ɗinsa ya sayo tsohuwar kyamarar bidiyo, irin wadda ake ɗorawa a kafaɗa, wai zai riƙa ɗaukar biki. Biki ɗaya ya ɗauka. Amarya ta ɗan gifta a farkon kaset ɗin, sauran duk balbela ce tana bin shanu a bayan gidan bikin. Ba a sake kiransa ba, shi ma bai damu ba. Daga nan ya koma bin tsuntsaye da kadangaru da gajimare, dangi kuma suka sa shi a layin waɗanda ake yi wa addu'a.

Shekarar da 'yan bindiga suka shiga garinmu, gidana na unguwar Luggere a Jimeta ya cika har bakin ƙofa. Kowa da abin da ya iya tsira da shi: wata kan keken ɗinki, wani takardun makaranta, wani ɗan akuya. Bappa ne ya iso a ƙarshe, ƙafafunsa sun kumbura don tafiyar daji, da buhu a kansa. Na ɗauka hatsi ne. Na kwance, sai ga kaset-kaset. Ita kyamarar ya bar ta can, an ƙone ta tare da gidan.

Na ce, "Bappa, mutane na gudu da rai, kai kana gudu da tsuntsaye?"

Ya ce, "Ba su da nauyi. Ajiye min inda ruwa ba zai taɓa su ba."

Na jefa buhun a saman sito, bayan kwalayen da babu komai a ciki. Can ya zauna. (Ni mai sayar da talabijin, wanda da waya ɗaya zai iya nemo tsohon injin kaset a kasuwa. Ban taɓa nema ba.)

Shekaru suka wuce, gari ya lafa, wasu suka koma, wasu suka zama 'yan Jimeta. Bappa ya samu ɗan fili a Mbamba, bayan garin Yola, yana noma. Sai ga auren 'yata Nafisa ya taso. Yaron ɗan cikin garin Yola ne, daga irin gidajen nan da za su jero maka kakanni har ka nemi wurin zama. Ranar gaisuwa, yayan mahaifinsa, wani dattijo da ake kira Modibbo, ya tambaye ni a hankali, "Alhaji, gidanku na ina ne?"

Na ce Luggere.

Ya ce, "A'a, gidan gida nake nufi."

Na faɗi sunan garin. Ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya kyauta." Bai faɗi wani abu mara daɗi ba, mutumin kirki ne. Amma maganar ta tsaya min a rai. Ba ni da gidan da zan nuna, ba hoto, ba ko bangon da zan ce nan aka haifi ubana. Ban so 'yata ta shiga gidan mutane a riƙa ganinta kamar wadda tarihinta ya fara daga ranar gudu.

Sai na yi abin da ɗan kasuwa ke yi idan kaya ba su da kwali: na yi musu kwali. Na ɗauko mai ɗaukar bidiyon biki na ce ya haɗa min fim na tarihin danginmu, a nuna ranar walima. Ga ni a shago. Ga ni a jikin mota. Ga ni a bakin gada ina kallon Binuwai, hannu a haɓa, kamar ni na haƙa kogin. Na canja babbar riga har guga ta gagari yaran gida. Ni ne kuma mai ba da labarin. Na san kakan mahaifina bafatake ne daga Kano, to sai na ɗan ƙara masa girma: na mai da shi madugu mai ayarin jakuna da ba a ganin ƙarshensa. Na ce a raina, wa zai tashi ya ƙaryata?

Saura hoton tsohon gida. Nan na tuna da buhun. Na kira Bappa na ce zan ari kaset ɗinsa.

Ya ce, "Ka kalla tukuna?"

Na ce, "Zan kalla."

Na miƙa wa mai bidiyo buhun gaba ɗaya, na ce ya nemo inda gida ya fito, ya cire tsuntsayen. Ya bugo min waya ina tsakiyar ciniki: "Oga, in na cire tsuntsu ba abin da zai rage." Na ce ya yi yadda ya gani, na kashe. Da ya kawo fim ɗin na kalla, ba sau ɗaya ba. Wato na kalli inda nake. Da zarar fuskata ta ɓace sai na mayar farko.

Ranar walima, bayan la'asar, aka cika rumfa a ƙofar gidana. Na sa aka ɗauko talabijin mafi girma a shagona (ban ɓare ledar gefensa ba, don ranar Litinin zai koma a matsayin sabo). Modibbo da mutanensa a kujerun gaba. Mata a gefe, cikinsu har da Goggo Dije, yayar mahaifina, wadda idonta ya tafi, kuma ba ta tashi sai an kama ta. Bappa na can baya da 'yar jarkar ruwansa.

Fim ya fara. Na fito, na sake fitowa, madugu ya wuce da ayarinsa a bakina. Mutane na cin shinkafa suna ɗan tafi. Na ce alhamdu lillahi, ciniki ya faɗa.

Sai hoto ya canja. Launi ya koɗe, yana rawa. Ga sama ta yi baƙi da hadari, ga kan tsamiya, ga shamuwa na saukowa ɗaya bayan ɗaya. Na jira a wuce. Ba a wuce ba. Tsuntsu, tsuntsu, wani tsuntsun. Yara suka fara dariya. Maƙwabcina na kasuwa ya leƙo ya ce, "Oga, ka koma sayar da kaji ne?" Can ƙasa-ƙasa ana jin daka da wata murya tana mita, amma ni ba na ji, fuskar Modibbo nake karantawa. Gumi ya jiƙa min wuyan riga. Na fizgi rimot, na karɓi makirfo daga hannun mai sanarwa, na ce da muryar da ta kai har layi na gaba:

"Jama'a a yi haƙuri, kuskure ne na mai haɗawa. Shirmen tsuntsayen Bappa ne, da surutun wata tsohuwa."

Na danna. Allo ya yi baƙi.

Ban taɓa jin shiru irin wannan a Jimeta ba. Na waiwaya, sai na ga Goggo Dije a tsaye. Ba wanda ya kama ta. Ita kaɗai ta miƙe, fuskarta na fuskantar inda sautin ya fito.

Ta ce, "Wa ya kashe?"

Ba a ma buƙatar amsa, rimot na hannuna.

"Wata tsohuwa? Inna ce. Uwata ce take magana ka toshe mata baki." Ba ta ɗaga murya ba. "Mayar."

Na mayar. Garin sauri har na wuce wurin, na sake nuna kaina a bakin gada hannu a haɓa, kafin na samu daidai.

Wannan karon na kalla. Ban san haka shamuwa take ba, ni da na girma a ƙarƙashinta. Tana tahowa daga cikin hadarin, baƙa wuluk, cikinta fari fat, ba ta kaɗa fiffike, iska ce kawai ke riƙe da ita. Sai ta saki dogayen ƙafafunta ta dira kan reshe a hankali kamar mai tsoron tada mai barci. Bayanta wata, bayanta wata, daga ƙasar da ba wanda ya sani a cikinmu, zuwa itace guda a tsakar gidanmu. A ƙarƙashin hoton kuma gidan ne gaba ɗaya, da ransa. Ga taɓarya. Ga keken ɗinkin mahaifina, da tarin nan nasa da yake yi kafin ya yanke zare. Ga dariyar Mama Rahila maƙwabciyarmu ta kan katanga, ana jin ƙararrawar cocinsu daga nesa. Ɗanta Yohanna na cikin rumfar, ya zo taya ni biki. Na ga ya cire hula ya rufe fuska da ita. Bappa tsuntsu ya nufa da kyamara, amma kyamara na da kunne.

Sai muryar Inna ta fito sarai: "Sale, juyo da abin nan ka ga mijina."

Kun san yadda kaka ke kiran jikanta. Na gane wa take nufi tun kafin hoton ya juya. Ga wani ƙanƙanin yaro, duk gwiwa da kunne, a kan reshe, ya miƙa hannu cikin sheƙa.

"Kai mijin banza, me kake nema a ɗakin mutane?"

Yaron ya ce, "Ƙwai. Mai shayi zai saya. Zan ce masa na agwagwa ne."

Ba musu, muryata ce. Maƙwabcina na kasuwa ya ce a hankali, "Ashe tun can ne."

Inna ta ajiye taɓarya, ana jin ƙararta. Ta ce, "Mayar da shi ka ji. Kakan ubanka ya zo garin nan da jaki ɗaya, gurgu, da rabin buhun kanwa. Ba wanda ya san shi. Ya ga tsuntsuwar nan ta yi sheƙa ƙasa-ƙasa, inda hannu ke kaiwa, ba wanda ya taɓa mata. Ya ce mutanen da tsuntsuwa ta amince wa da 'ya'yanta ba za su cuci baƙo ba. Nan ya sauke kaya. Su suka riga mu gidan nan, mu 'yan haya ne. Sauko."

Mata na kuka. Goggo na tsaye har yanzu, leɓenta na bin maganar kamar mai bin karatu. Yaron ya mayar da ƙwan, ya juyo zai sauko, wani ƙaramin reshe ya kama masa wando. Shi ya sauko. Wandon bai sauko ba.

A talabijin ɗin da nake yaba wa masu saye cewa yana nuna har ƙofar gashi.

Kukan ya juye dariya, irin wadda ake yi da hawaye a fuska. Nafisa ta cusa kai cikin mayafi, kafaɗunta na girgiza. Ni kuwa ina tsaye da babbar riga mai aiki har ƙasa, amma ban taɓa jin kaina tsirara kamar ranar ba.

Da aka lafa, Modibbo ya yafito ni. Na durƙusa.

"Ashe jaki ɗaya ne, Alhaji."

"Ɗaya ne, Allah ya gafarta malam."

"Gurgu."

"Gurgu."

Ya dubi allon. Ya ce, "Mu a gidanmu sunaye muke da su, masu yawa. Muryar ko ɗaya ba mu da ita." Sannan ya sa aka kira Bappa daga baya, ya matsa masa a kujerarsa. "Malam Sale, itacen yana nan?"

Bappa ya ce, "Yana nan. Wuta ta ci gefe ɗaya. Na je bara da waya na ɗauka. Ba rufi ko ɗaya a gidan, amma sun yi sheƙa."

Ban san ya je ba. Ban taɓa tambaya ba.

Modibbo ya ce, "To gida na nan ke nan, masu shi na ciki." Ya dube ni. "Idan Allah ya ba yaran nan haihuwa, a nuna wa 'ya'yansu. Kada a yanke komai. Har wandon."

Bayan biki na sa aka juye kaset ɗin nan kaf, na zauna na kalle su, wasu da Bappa a gefena yana faɗa min sunan kowane tsuntsu, ni kuma ina kasa kunne ina tsintar mutanenmu a bayan fage. Na nemi gafararsa. Ya ce ba komai, in dai zan kai shi garin a mota farkon damina, don ƙafarsa ta daina son tasha. Na kai shi. Na tsaya a gindin tsamiyar, hannuna a aljihu, don kada tsohon hali ya motsa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ƙa'idar buɗe kwali ba ta kayan Legas kaɗai ba ce, har da buhun da danginka suka ɗauko a ka. Kuma kafin ka ce "wata tsohuwa" a makirfo, ka tambaya ko ta wace ce. A kasuwa yanzu Mai Ƙwan Agwagwa ake ce min, ina amsawa.

Talabijin ɗin kuwa bai koma shago ba. Yana ɗakin Goggo Dije, wadda ba ta ganin komai. Ita ta ɓare ledar da hannunta, kuma rimot na ƙarƙashin matashinta. Ta ce kowa na iya taɓawa ban da ni.