Yaɗiyar Katangar Kakanmu

A damunar da aka mayar da ni Kiru koyarwa, na tarar yaɗiya ta lulluɓe tsohuwar katangar ƙasa da kakanmu ya gina. Baffa Sule, ƙanin mahaifina, ya ce tana riƙe laima, za ta cinye ginin. Goggo Hari, wadda ke kwaɗo da ganyenta, ta ce ita ke kare shi daga dukan ruwa. Kaina ya ɗaure, amma malamin makaranta ba ya nuna haka.

"Ɗan nan, in dole ne, sare ta daga tushe ka bari ta bushe," in ji Goggo.

"Goggo, kafin ki sauke tukunya na gama."

Na naɗe hannun riga, na kafa ƙafa, na finciko. Yaɗiya ta taho. Yaɓe ya biyo ta. Sai rabin katangar, da ta kwana tana shan ruwa, ya biyo yaɓen. Ina goge ido sai ga maƙwabcinmu Malam Idi a tsakar gidansa, loma a hannu, iyalinsa na rububin mayafi.

Sai na yi sallama.

Ya amsa a natse, ya ce, "Malam, da ma muna da ƙofa. Amma bismilla."

Baffa ya ce ai ga shi ta cinye ginin. Goggo ta ce ai ga shi ita ke riƙe da shi. Har yau ban san mai gaskiya ba.

Na dai san ko jingina na yi da katanga a Kiru, sai wani ya ce, "Malam, bari mu sanar da matan gidan tukuna."