Tumbin Alhaji Barau da Tef ɗin Likita

Alhaji Barau dillalin albasa ne, mutum ne mai jiki, irin wanda tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. Kwanakin baya sai ya lura in ya taka daga rumfarsa zuwa masallaci, ƙirjinsa na ɗaurewa kamar an ɗora masa buhu, ciwon har ya gangaro hannun hagu. Ya sha jiƙo, ya sha tazargade, shiru. Ran da ya kasa kai sahun farko sai da ya huta sau biyu a hanya, ya yarda ya shiga mota zuwa asibitin birni.

Shi a zatonsa za a tura shi cikin wata ƙatuwar na'ura mai fitilu. Sai likitan, wani siririn mutum marar fara'a, ya saurare shi tsaf, ya auna jininsa, sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da tef irin na teloli.

"Alhaji, tashi tsaye. Cire babbar rigar."

Ya auna wuya, ya rubuta. Ya auna ƙugu, ya rubuta. Da aka zo kan ciki, Alhaji ya ja numfashi ya shanye tumbi iya ƙarfinsa. Likita ya riƙe tef yana kallon taga, har idon Alhaji ya yi ja, ya saki. Tef ya zame inci huɗu.

"Arba'in da tara," in ji likita. "Ciki ya ɗara ƙugu nesa ba kusa ba. Mai irin wannan awon, ga kuma ciwon da ka faɗa, sau da yawa mukan tarar kitse ya cushe masa hanyoyin jinin zuciya. Za mu yi hoto mu ga iya inda abin ya kai. Kafin nan, ka yi sallama da kitse da ɓargo, kuma kullum ka taka ƙasa."

"Likita, wannan fa ba ciwo ba ne, rufin asiri ne. Shekara ashirin ina tara shi."

"Na ga alama ba ka yi wasa ba."

Ran Alhaji ya ɓaci. Ya ɗauki rigarsa yana kokawar zura kai, yana magana daga ciki.

"Ni dai ban taɓa ganin irin wannan ba. In baro kasuwa ana tsakiyar ciniki, in sha rana a hanya, in zo wurin likitan zuciya, a ɓuge da auna ni kamar mai neman wandon salla! Ina amfanin wannan awon?"

Likita ya naɗe tef ɗinsa a hankali, ya mayar cikin aljihun tebur.

"Alhaji, gara in auna ka da tef kana tsaye, da a auna ka da kara kana kwance."