Ƙugiyar Da Ta Ɓace a Allon Suruki

"Ni harafi a hannuna rawa yake yi," in ji mai fentin layinmu, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniyan Haruffa. Kai dai ba ka san shi ba. Ko sunanka ya rubuta, sai ka tambaye shi na wane ne.

Surukinsa likitan ƙashi ne, ya buɗe sabon wurin duba masu karaya. Injiniya ya daki ƙirji: "Baba, allon nan a bar mini. Makaho ma sai ya karanta!"

Ya zage, ya yi wa kowane harafi jela da hula da gashin baki. Ƙugiyar ƙ kuwa ta nutse cikin kwalliya, ko da fitila ba ka gano ta.

Washegari layi har bakin titi, amma babu mai ɗingishi ko ɗaya. Kowa riƙe da ciki. Wata tsohuwa ta miƙa wa likita gwangwani a rufe.

"Mene ne wannan, Iya?"

"Samfur ne, ɗana. Ba kai ne likitan kashi ba?"

Likita ya aika a kira Injiniya. "Gyara mini allo yanzu, ko in je in ɗauko 'yata!"

"Baba, jahilcinsu ne. Wannan salon ƙasar waje ne."

"Hau tsani!"

Gogan naka ya hau, ya ce zai kankare kwalliyar don ƙugiya ta fito. Da yake shi ma bai san wacce ce wacce ba, sai ya kankare ƙugiyar, ya bar gashin baki. Aka yi masa ihu daga ƙasa. Ya ruɗe, ya zana sabuwa ƙatuwa, amma a kan k ɗin likita. Wani yaro ya karanta da ƙarfi: "Liƙitan kashi!"

Injiniya ya juyo zai zage shi, tsani ya zame. Tim! Ƙafa ta ce ƙaras, cikinsa kuma ya saki don tsoro.

Aka kinkimo shi ciki, masu ɗaukar suna kau da kai. Likita ya duba ƙafar, ya toshe hanci, ya duba wandon.

"To, Injiniya, ka zo da duka biyun. Wanne za mu fara dubawa, mai ƙugiya ko mara ƙugiya?"