Ranar Da Aka Nemi Batirin Motata A Gaban Dangin Amarya

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da aka ɗauki amaryar abokina Modu daga unguwar Abbaganaram, kuma ko na so in manta, mutanen garin nan ba za su bar ni ba. Har gobe idan na tuna raina sai ya ɓaci, don ni a ganina an zalunce ni, ko da yake duk wanda na ba wa labarin dariya yake yi maimakon ya taya ni jin haushi.

Ina da wata mota 'yar Jamus, ba sabuwa ba ce, amma idan na taka ta a garinmu Yerwa sai an ji kukan salansarta a unguwa ta gaba. Wasu suna ƙawata jikin mota, ni cikin bonet ne ya dame ni. Ba na son in buɗe in ga wayoyi sun yi cirko-cirko kamar bayan tsohon talabijin. Na shafe watanni ina aiki a kai duk Asabar. Na sa mai wayarin ya tura wayoyin nan kaf ta ƙarƙashi inda ido ba ya kaiwa. Murfin injin na yi masa jan fenti, bututan na goge su har mutum yana iya gyara hularsa a jikinsu. Sai batir ya rage, baƙi, ƙato, ya tsaya a gefe yana ɓata mini tsari. Na sa aka cire shi aka mayar da shi cikin but na bayan mota, a kusurwa, aka ja masa waya ta ƙasan kujeru. (Masu harkar motocin gudu sun san wannan, ba ni na ƙirƙira ba, ina so a rubuta wannan a ajiye.) Hatta sandar ƙarfen da ke tokare bonet na kwance ta na kai a wanke ta da ruwan azurfa, don ta yi tsatsa.

Da bikin Modu ya zo, ni na roƙa a ba ni ɗaukar amarya. Ba don Modu ba, gaskiya. Amaryar, Falmata, tana da ƙanwa mai suna Yagana, wadda na fara zuwa zance wurinta, kuma manyan gidansu ba su gama sanina ba tukuna. Na ce a raina ga ranar da za su san ni.

Bayan la'asar muka jeru a ƙofar gidan. Ina can ina gaisawa da mutane cikin babbar rigata mai sitaci, ashe mata sun buɗe but ɗina sun mayar da shi motar kaya. Na zo na tarar an cusa kwalaben humra, da gwangwanayen turaren wuta, da tukwane, da ƙullin kayan da ba a so maza su gani, a saman su duka kuma aka ɗora turmi. Na fara cewa ko a rage, sai Ya Kaltum, goggon amarya, wata dattijuwa da ko angon tsoronta yake ji, ta kalle ni ta saman tabarau ta tambaya ko motar ce ba ta da ƙarfi. Na ce tana da shi. Me zan ce?

Amarya ta shiga baya lulluɓe da laffaya tana kuka, Ya Kaltum a gefenta, Yagana a ɗaya gefen. Muka ɗauki hanyar GRA, ni ne a gaba, sauran motoci na biye suna hon. Komai na tafiya daidai har muka zo wani tudun rage gudu a kan babban titi. Na taka birki (wataƙila da ɗan ƙarfi, na yarda), na ji wani abu ya gangara a baya ya daki ƙarfe, motar ta yi shiru. Na murɗa makulli, ko fitila ɗaya ba ta kama ba.

Nan take na san abin da ya faru. Turmin nan ne ya ture kan batir. Gyaran bai wuce a mayar da waya a ɗaure ba. Amma kafin a kai ga wayar sai an sauke kayan amarya a tsakiyar titi, kuma bakina ya kasa furta wannan. Sai na yi abin da duk direban da ya rasa abin yi yake yi, na fita na buɗe bonet. Kuma zan faɗi gaskiya, wani ɓangare na zuciyata har murna ya yi, don na daɗe ina jiran ranar da jama'a za su ga cikin nan.

Da na ɗaga murfin sai na tuna sandar tokarewa tana wurin mai wanki. Haka na tsaya riƙe da bonet da hannu biyu sama, ƙarfen da zafi kamar kaskon suya, hannun babbar riga ya zame ya rufe mini rabin fuska. Maza suka firfito daga motoci suka kewaye ni, masu Keke Napep suka tsaya kallo. Na jira in ji wani ya yaba jan fentin. Babu wanda ya ko kalle shi. Wani kawun amarya ya leƙa dama ya leƙa hagu, ya ɗago ya ce, "Ai an sace batirin."

Kafin in buɗe baki magana ta zagaye. Wani ya ce tun a ƙofar gida ya ga wasu na shawagi kusa da motar. Wani ya ce har wayoyin ma an kwashe, ku duba, babu ko ɗaya. (Aikin watanni ke nan, aka kira shi sata.) Wani mai hankali ya tambaya to yaya aka yi ta taso daga Abbaganaram ba batir, sai wata mata ta fara salati tana cewa a fito da amarya, ba ta yarda da motar nan ba. Rabin maganar da Kanuri ake yi, ni kuma Kanurina na ciniki ne, amma na gane ba addu'a ake yi mini ba.

Dole na faɗa. A hankali na ce batirin yana but. Kawun ya ce in ɗaga murya. Na maimaita, har Ya Kaltum ta sauke gilashi ta ce in zo. Kawun ya tokare bonet da sandarsa ta tafiya, na je na durƙusa a bakin taga.

"Ɗana, me batir yake yi a but?"

Na ce don cikin injin ya yi kyau ne, Ya Kaltum.

"Wa yake kwana a cikin injin?"

Aka ce a mayar da amarya wata mota, Ya Kaltum ta ce atafau 'yarta ba za ta taka kwalta a tsakiyar hanya ranar kai ta ɗaki ba. Saboda haka aka buɗe but, aka shiga sauke kaya a gefen titi, ni ne mai miƙowa. Turmi, tukwane, gwangwanaye. Kwalbar humra ɗaya ta fashe, duk titin ya ɗauki ƙamshi. Ƙullin nan da ba a so maza su gani ya kwance a hannuna, kuma ba zan faɗi abin da ke ciki ba, sai dai na ga mata sun yo kaina a guje. Ina cikin but rabin jikina, ina ɗaure waya da hannu don sufana tana gida, sai na ji kujerar baya tana girgiza. Na ɗauka kukan amarya ne ya tsananta. Ashe dariya take yi a ƙarƙashin laffaya, ita da ƙanwarta, har da shaƙewa.

Motar ta tashi da murɗawa ɗaya, a shaida wannan ma. Amma babu wanda ya ce sannu. Kafin mu isa GRA bidiyona ya riga mu isa, ina tsaye hannuwa sama kamar wanda aka kama. Modu, wanda na yi wa wannan hidima kyauta, ya tare ni a ƙofa da tambayar ko na zo da batirin ko a aika a ɗauko.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya. Da magabatana suka je neman izini a kan Yagana, Ya Kaltum ta ce a dakata a ƙara bincike, wai mutumin da ya iya ɓoye batir a mota, Allah kaɗai ya san abin da ya ɓoye a rayuwarsa. Ni da ko sigari ban taɓa sha ba. An tambayi maƙwabtanmu, an tambayi wurin aikina, an je har wurin limamin unguwarmu, kuma a yadda Yagana ta gaya mini tana danne dariya, har yanzu ba a rufe binciken ba.

Na koyi darasi, amma ba wanda suke so ba. Batirina yana nan a but, ba zan mayar da shi ba don wani ya ji daɗi. Abin da na koya shi ne, duk abin da za ka ɓoye don ado, ka ɓoye shi inda hannunka zai kai ba sai ka nemi izinin surukai ba. Kuma idan aka ce ka ɗauki amarya, ka ɗauki amarya, turmi ya bi wata motar.